Filin Ƙwallo da Aikin Sulhu

Jawabin da aka yi wa taron masu bi a ranar samari, cikin makon jubili

Mun gode wa Allah da ya raya mu har muka ga wannan jubili. Waɗanda suka fara kawo Maganar Allah a ƙasar nan sun zo da littafi, da allo, da akwatin magani. Sun sha rana, waɗansu ma a nan aka binne su. Mu ne muka ci amfanin gonar da suka noma. Yanzu kuwa tambaya ta zo kanmu: da wane kayan aiki za mu shiga shekarun da ke gaba?

Dattawa sun umurce ni in yi magana a kan wasanni, musamman ƙwallon ƙafa. Na san wani zai ce a ransa, ranar jubili guda, a rasa abin faɗi sai zancen tamaula? Ku yi mini haƙuri ku ji. A cikinmu akwai ra'ayi biyu. Waɗansu iyaye suna ganin ƙwallo shashanci ne, mai hana yaro karatu da gona da sujada. Waɗansu kuma, yawancinsu samari da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, suna ganin da zarar an jefa ƙwallo tsakanin abokan gaba, to, gaba ta ƙare ke nan. Manyan duniya ma sun ɗauki zancen da nauyi, gama a shekara ta 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 6 ga Afrilu ta kowace shekara domin tunawa da aikin wasanni wajen ci gaba da zaman lafiya.

Abin da na ke so in nuna muku shi ne wannan: ƙwallo ya iya buɗe ƙofar da ta daɗe a kulle, amma shiga ɗakin da share shi aikin mutane ne, wankin zuciya kuwa aikin Allah ne. Zan kafa maganata a kan labarin wata ƙasa da da yawa cikinmu suka sani, domin 'yan'uwanmu sun daɗe suna zuwa can cin rani da fatauci, watau Kwaddibuwa.

Yadda ƙasar ta tsage

Kwaddibuwa ta sami mulkin kai a 1960, Félix Houphouët-Boigny ya riƙe ta har rasuwarsa a watan Disamba 1993. A zamaninsa ta zama ta fari a duniya wajen noman koko, ƙofarta kuwa a buɗe ga baƙi. Mutanen Burkina Faso, da Mali, da Gini, da namu na Nijar suka cika gonaki da kasuwanni, 'yan arewacin ƙasar kansu suka gangara kudu neman gona. Muddin kuɗin koko yana shigowa, ba wanda ya damu ya tambayi maƙwabcinsa inda aka binne cibiyar kakansa. Da farashi ya faɗi, tsoho kuma ya kwanta dama, sai masu neman kujera suka tono wata tambaya mai dafi: wane ne ɗan ƙasa na ainihi? Da ita aka toshe wa Alassane Ouattara hanyar tsayawa zaɓe a 1995 da 2000. Da ita kuma aka riƙa tsare talaka ɗan arewa a kan hanya, a dubi sunansa a takarda a ce ba a yarda da shi ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran 19 ga Satumba 2002 waɗansu sojoji suka yi tawaye, ba a daɗe ba ƙasa ta rabu biyu. 'Yan tawaye suka riƙe arewa, babban zamansu a Buwake. Gwamnatin Laurent Gbagbo ta riƙe kudu daga Abijan. Sojojin Faransa da na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsaya a tsakani. Da ya ke Musulmi sun fi yawa a arewa, Kirista kuma a kudu, mutanen nesa suka ce yaƙin addini ne. Ku lura fa, shugaban 'yan tawayen kansa, Guillaume Soro, ɗan Katolika ne. Tushen faɗan gona ce, da takardar zama ɗan ƙasa, da kujerar mulki. Addini riga ce da aka yafa masa a kan hanya.

Abu ɗaya ya rage wanda kudu da arewa ba su raba ba, shi ne ƙungiyar ƙwallon ƙasa, wadda a ke kira Giwaye. A cikinta akwai Didier Drogba, ɗan kudu, Kirista. Akwai Kolo Touré da ƙanensa Yaya, haifaffun Buwake, Musulmi. Riga ɗaya su ke sawa, wanda ya ci kuwa duka ya ci wa.

Ranar da Giwaye suka durƙusa

Ran 8 ga Oktoba 2005 Giwaye suka kara da Sudan a Omdurman, suka ci 3 da 1. Nasararsu kaɗai ba ta isa ta kai su gasar cin kofin duniya ba, sai idan Kamaru ta kasa cin Masar a Yawunde a wannan yini. Ana kunnen doki 1 da 1 a can, daf da tashi aka ba Kamaru bugun daga kai sai mai tsaron gida, ƙwallo ya bugi turken raga ya fita. 'Yan'uwanmu na Kamaru, ku gafarce ni da na fama tsohon miki. Da haka Kwaddibuwa ta sami shiga gasar karo na fari a tarihinta.

A ɗakin da 'yan wasa ke canza tufafi aka miƙa wa Drogba abin magana a gaban na'urar talabijin. Ya kira mutanen kudu da na arewa, da na tsakiya da na yamma, ya tuna musu cewa ga 'ya'yansu sun haɗa kai sun yi aiki ɗaya. Sa'an nan shi da abokansa suka durƙusa bisa gwiwoyinsu, suka roƙi a yafe wa juna, a ajiye makamai, a yi zaɓe. An yi ta maimaita hoton nan a talabijin kwana da kwanaki.

A kan ji masu ba da labari suna cewa ƙwallo ya tsayad da yaƙin a ranar nan. Ba haka aka yi ba. Zaɓen da aka shirya a ƙarshen wannan wata ɗage shi aka yi, shingayen sojoji kuma suna nan inda su ke. Sai ran 4 ga Maris 2007, bayan doguwar tattaunawa a Wagadugu a hannun shugaban Burkina Faso, Blaise Compaoré, Gbagbo da Soro suka sa hannu a yarjejeniya, Soro ya zama firayim minista. Wannan aikin masu haƙurin zama kan tebur ne.

Amma takardar da aka sa wa hannu a Wagadugu ba ta cire tsoro daga zuciyar mai sayad da goro a Buwake ba. A nan ne ƙwallo ya yi nasa aiki. Drogba, wanda aka zaɓa gwanin 'yan ƙwallon Afirka na 2006, ya roƙi shugaban ƙasa a kai wasansu da Madagaska Buwake, garin 'yan tawaye. Ran 3 ga Yuni 2007 aka yi wasan. Sojojin gwamnati suka zauna a fili ɗaya da mutanen da suka yi shekaru suna harbin juna da su. Aka rera taken ƙasa ɗaya. Giwaye suka ci 5 da nema, Drogba ne ya jefa na ƙarshe. Ran 30 ga Yuli kuma, a cikin wannan fili, Gbagbo da Soro suka cinna wa tarin bindigogi wuta a gaban jama'a.

Abin da ƙwallo ya iya, da abin da ya kasa

Bari mu auna abin da aka samu. A filin ƙwallo doka ɗaya ce bisa kowa. Layin da ya hana ɗan kudu shi ya hana ɗan arewa, alƙalin wasa kuma ba ya tambayar takardar haihuwar kakanka kafin ya hura usur. Mutanen da aka koya musu cewa ba su iya zama inuwa ɗaya sun ga 'ya'yansu suna miƙa wa juna ƙwallo, abin da ido ya gani kuwa ya fi abin da kunne ya ji tsayawa a rai. Har wa yau ƙwallo ya ba samari murya. Ba minista a cikinsu, ba janar, duk da haka ƙasa ta yi shiru ta saurare su, domin kowane gefe yana ganin su nasa ne.

To, me ya kasa? Da an tashi wasa, gonar da a ke gardama a kanta a yammacin ƙasar tana nan da gardamarta. Wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa da safe bai same ta da maraice ba. Uwar da aka kashe ɗanta ba ta ji wani ya ce ya tuba ba. Ko wata ɗaya ba a yi da wasan Buwake ba, ran 29 ga Yuni 2007, aka harbi jirgin da ya ɗauko Soro a filin jirgin garin, mutum 4 suka mutu. Aka yi ta ɗage zaɓe har ƙarshen 2010. Da aka yi shi, Gbagbo da Ouattara kowa ya ce shi ya ci, bindigogin da ba a ƙone ba suka fito. Kafin a kama Gbagbo ran 11 ga Afrilu 2011, wajen mutum 3,000 sun hallaka. Waɗanda suka yi kisan nan, ta kowane gefe, lalle akwai masu yawa a cikinsu da suka yi tsalle suka rungumi juna ranar da Giwaye suka ci Madagaska.

Bayan haka sai da aka koma ga aiki mai nauyi. Aka kafa hukumar gaskiya da sulhu a 2011, Drogba yana cikin membobinta. Aka kai Gbagbo kotun duniya a Holan, ta sallame shi a 2019, ya komo gida a 2021. A farkon 2024 ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta kuma cinye ta, aka buga waɗansu wasannin a filin nan na Buwake, wanda a ke kira Filin Zaman Lafiya. Shekara 17 ke tsakanin wasan Madagaska da wannan biki. Minti 90 sun buɗe ƙofa, amma share ɗaki ya ci shekaru, har da jini.

Gadon da ekklesiya ta ke da shi

Kada wani ya ce wannan sabon abu ne da masu agaji suka kawo mana. Manzo Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a Korinti, kusa da wurin da Helenawa su ke yin babbar gasar tsere da dambe kowace shekara biyu, a naɗa wa gwani rawanin ganye. A wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, sura 9, da mai tsere da ɗan dambe ya yi musu misali a kan kamun kai. A wasiƙarsa ta fari ga Timoti, sura 4, ya auna horon jiki da ibada. Bai yar da horon jiki ba, ya ba shi matsayinsa ne, ƙarami a ƙarƙashin babba. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu riƙe.

Ku samari masu sa rigunan ƙungiyoyin Ingila, ko kun san inda waɗansunsu suka fito? Samarin wata majami'ar Metodis a Birmingham suka kafa Aston Villa a 1874. Everton ta fito daga wata majami'ar Metodis a Liverpool a 1878. Manchester City ta soma a 1880 a matsayin ƙungiyar majami'ar Markus Mai Tsarki, a wata unguwar talakawa 'yan ƙwadago. Ƙwallon kwando kuwa, James Naismith, wanda ya yi karatun tauhidi, shi ya ƙago shi a watan Disamba 1891 a makarantar Ƙungiyar Samari Kirista a Springfield ta Amurka, domin ɗalibai su sami abin yi lokacin sanyi. Masu bi na wancan zamani sun ga samari suna lalacewa a gidajen giya da faɗan unguwa, suka ce gara su tara su a fili inda babba zai sa musu ido.

Akwai kuma wani bawan Allah da ya kamata kowane yaron ekklesiya ya san sunansa, Eric Liddell, ɗan Sukotilan, wanda aka haifa a ƙasar Sin a 1902, iyayensa masu aikin mishan. A gasar Olamfik ta Faris a 1924 ya ƙi shiga tseren mita 100 domin an sa share fagensa ran Lahadi. Ya shiga na mita 400, ya ci zinariya. Shekara ta gaba ya bar suna da tafi ya koma Sin aikin bishara. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi tare da sauran baƙi a wani sansani a Weihsien, inda yara da samari da yawa su ke, ba iyaye, ba abin yi. Shi ya riƙa koya musu karatu yana shirya musu wasanni. Waɗanda suka zauna tare da shi sun ba da labari cewa wata Lahadi samarin suka yi wasa ba alƙali, wasa ya zama dambe. Lahadi ta gaba sai ga shi a fili yana yi musu alƙalanci. Mutumin da ya bar zinariya saboda ranar Ubangiji ya yarda ya tsaya a fili ranar Ubangiji domin kada yara su ji wa juna ciwo. Ya rasu a sansanin a watan Fabrairu 1945. Ku dubi inda amfanin ya fito: ƙwallo shi kaɗai dambe ya haifar, sai da mutumin kirki ya tsaya a tsakiya wasa ya zama wasa.

Gini da rushewa

Wasa yana iya ɗaukar kaya idan aka ɗora masa. A Nairobi ta ƙasar Kenya akwai unguwar talakawa mai suna Mathare. A 1987 aka kafa ƙungiyar wasannin matasa a can da wata ƙa'ida mai hikima: ƙungiya tana samun maki idan ta ci wasa, tana kuma samun maki idan ta fita ta kwashe shara ta yashe lambatu. Yaran unguwar su ne alƙalai, su ne masu horarwa, su ke koya wa juna tsare kai daga cutar ƙanjamau. A 1992 aka buɗe wa 'yan mata. A 2008 babbar ƙungiyarsu, Mathare United, ta zama zakaran ƙwallon Kenya. Ƙwallo bai share lambatu ba. Waɗanda suka san yaro zai yi kome domin maki, su suka ɗaura tsintsiya a jikinsa.

Wasa kuma yana iya kisa. Ran 9 ga Mayu 2001, a filin ƙwallon Ankara ta ƙasar Gana, ana wasa tsakanin Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan kallo suka fusata suka soma jifa, aka harba hayaƙi mai sa hawaye, jama'a suka ruga ƙofa suka tattake juna. Fiye da mutum 120 ba su koma gida ba. Ban da wannan akwai ɓarnar da ba ta ƙara: cacar ƙwallo da ta shiga wayar hannu tana cinye kuɗin makaranta, da 'yan damfara masu karɓar kuɗin gona a hannun iyaye da alkawarin kai yaro Turai. Wuƙa ɗaya ce, mahauci ya yi sana'a da ita, ɓarawo ya yi ta'asa.

Mu kuma fa?

Mu mutanen Nijar mun san wannan darasi tun kafin a rubuta shi a takardun Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun 1975, da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, jihohinmu ke aiko da gwanayensu neman takobi. Bahaushe, da Bazabarme, da Babarbare, da Bafillace, da Buzu suna zama kewaye da fili ɗaya, wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe ƙasa ya rungumi wanda ya kayar da shi. Mun kuma san ɗaya gefen. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da ran 17 a Yamai, saboda zanen wata jarida ta Faransa wanda ba hannunmu a ciki, aka ƙone majami'u masu yawa, aka yi hasarar rayuka. Yawancin waɗanda suka ɗauki fetur da ashana samari ne. A kwanakin nan kuma an sami maƙwabta Musulmi da suka ɓoye masu bi a gidajensu. Ku tambayi kanku, me ya raba maƙwabcin da ya ɓoye da saurayin da ya ƙone? Ɗaya ya san sunanmu, ya ci tuwonmu, mun je suna da jana'iza a gidansa. Ɗayan kuwa labarinmu kaɗai ya ji a bakin wani.

Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan. Idan 'ya'yanmu suka tashi a bayan katangar mishan, 'ya'yan maƙwabta kuma a bayan tasu, to, mun bar wa mai zuga gona shararriya. Ba na ce wanda ya buga ƙwallo da ɗanka ba zai taɓa cutarsa ba, labarin Kwaddibuwa ya hana ni faɗin haka. Amma hannu ya fi nauyin ɗaukar ashana a kan gidan wanda ka sani. Yawancin majami'unmu suna da fili a gefe inda awaki ke kiwo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shawarwarin da na ke kawo wa dattawa.

Na fari, a gauraya ƙungiyoyi. Kada a taɓa shirya wasa a ce yaran majami'a da yaran masallaci, ko wannan kabila da waccan. Wannan yaƙi ne aka sa masa gajeren wando. A kowace ƙungiya a sami ɗan fasto da ɗan liman, ɗan gari da ɗan baƙo, yadda ba wanda zai ci sai ya miƙa wa ɗan'uwansa.

Na biyu, a yi kome a sarari. A je wurin mai unguwa, da liman, da iyaye, a gaya musu ko su wane ne mu, da abin da za a yi a fili. Kada mu mai da ƙwallo ƙugiya a cikin tsutsa. Bishara ba kayan sata ba ce da za a shigar da ita ta bayan danga. Wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, mu faɗa masa da tawali'u, ba tsoro. Wanda bai tambaya ba, bari ya karanta halinmu. Uban da ya gane an yaudare shi ta wurin ɗansa ba zai sake yarda da mu ba, yana kuwa da gaskiya.

Na uku, a sami alƙali mai tsoron Allah, wanda zai hura usur a kan ɗan cikinsa. Yaron da ya ga an yi masa adalci a hannun wanda ba addininsu ɗaya ba, ya koyi abin da wa'azi goma ba su koya masa ba. A kuma sami babba wanda zai daɗe. Baƙo mai kawo riguna ya ɗauki hoto ya tafi, mun gode masa, amma icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, tanƙwarawa kuwa tana son hannun da ba ya gajiya.

Na huɗu, a girmama lokacin ibada. Ba wasa a lokacin sujadarmu. In an kira salla, a dakata wa abokan wasa su je su komo. A watan azuminsu a sassauta, a mai da wasa lokacin da ba zai wahalshe su ba. Wanda ya ke so a girmama Lahadinsa, ya girmama Jumma'ar maƙwabcinsa.

Na biyar, a ɗora wa wasa kaya, kamar yadda mutanen Mathare suka yi. Wanda bai je makaranta ba ranar nan, ba ya shiga fili. Ƙungiyar da ta share kasuwa, ko ta dasa itatuwa ta shayar da su har suka kama, a ƙara mata maki. 'Yan mata kuma a ba su nasu lokaci, iyayenmu mata na zumunta su tsaya a kansu, da tufafin da ba zai sa iyaye su hana su zuwa ba.

Na shida, ba caca, ba laya, ba binne-binne a bakin raga, ba zagin iyaye. In faɗa ya tashi, kada a kore su haka nan kowa ya tafi da nasa a ciki. A zaunad da su a inuwa, kowa ya faɗi abin da ya yi, mai laifi ya roƙi gafara da bakinsa, wanda aka yi wa laifi ya amsa. Wannan zama na minti goma bayan wasa shi ne ainihin aikin. Shi ne abin da filin Buwake bai iya yi wa ƙasa guda ba, mu kuwa muna iya yi wa yara ashirin da biyu kowane mako.

Iyayena, ku da ku ke jin tsoron ƙwallo, tsoronku yana da dalili, saboda haka ku zo bakin fili ku zauna, kasancewarku ita ce maganin abin da ku ke tsoro. Ku samari da ku ke ƙaunarsa, ku buga da dukan ƙarfinku, amma kada ku ɗora masa begen da ba ya iya ɗauka. Gabar da ke tsakanin mutum da mutum reshe ce, saiwarta ita ce gabar da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa, wannan kuwa a kan gicciye aka kashe ta. Mu da aka sulhunta da Allah ta wurin jinin Yesu Kristi, an ba mu aikin sulhu a hannu. Iyayenmu sun yi shi da allo da akwatin magani. In Allah ya ba mu fili da tamaula su zama ƙari, mu karɓa da godiya, mu yi aiki da su da tsoronsa.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba Kwaddibuwa da dukan maƙwabtanmu. Ya tsare 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu, ya sa waɗanda za su taru a jubili na gaba su iske mun bar musu unguwa wadda kowa ya san sunan ɗan'uwansa. Amin.